Wa ke da saman Dala? Muhawara a kan duwatsun birnin Kano

Ɗan Madigawa:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina so mu tattauna al'amarin da ya shafi kowa a birnin nan amma ba a cika sa shi a gaba ba, wato yadda muke amfani da saman Dutsen Dala da na Goron Dutse. A cikin ganuwa da kewayenta, wuraren da mutum zai je ya zauna ya sha iska ba tare da ya biya kuɗi ko ya sayi wani abu ba sun yi ƙaranci ƙwarai, domin kududdufai an cike su an yi gini, filayen da yara ke ƙwallo a unguwanni sun koma shaguna, ƙofar gida kuma da ake shimfiɗa tabarma a da yanzu ta zama hanyar babura. Abin da gini ya kasa haɗiyewa gaba ɗaya shi ne saman duwatsun nan biyu. Na sha jin masu cewa a kewaye Dala, a bar ƙofa ɗaya tak, a sa mai yankar tikiti, a mayar da shi wurin shaƙatawa na kuɗi domin a rabu da ƙazanta da ɓata-gari. Ni dai ban yarda da wannan shawara ba, kuma zan faɗi dalilina, amma ina so in fara jin ta bakin manya.

Mai Shago a Kurmi:
Wa alaikumus salam. Malam, ni ina cikin waɗanda kake magana a kansu, kuma ba na jin kunyar faɗar haka. Duk abin da aka ce na kowa ne, a ƙarshe ba mai kula da shi, saboda kowa yana jiran wani ya ɗauki tsintsiya. Idan aka sa kuɗin shiga, ko kaɗan ne, za a sami abin biyan mai gadi da mai shara, kuma wanda ya biya ba zai tsuguna a gefen matakala ya yi bahaya ba. A Abeokuta akwai dutsen Olumo, wanda aka gyara a 2006 har aka sa masa na'urar ɗaga mutane zuwa sama, ana yankar tikiti, baƙi suna zuwa daga ko'ina, masu sayar da adire da ke kusa suna cin kasuwa. Dala bai gaza Olumo a tarihi ba, don haka ban ga abin da zai hana mu yin irin wannan ba.

Malamin Tarihi, Gwammaja:
Alhaji, gaskiya ne Dala bai gaza kowane dutse a tarihi ba, amma tarihin nasa ne ma yake sa ni ɗari-ɗari da maganar kulle shi. Masu binciken kayan tarihi na ƙarƙashin ƙasa sun nuna cewa tun wajen ƙarni na 7 akwai masu narkar da tama a gindinsa, kuma littafin Tarihin Kano, wanda Baturen mulkin mallaka Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, da labarin mutanen Dala ya buɗe, da shugabansu Barbushe da abin bautarsu Tsumburbura, kafin zuwan Bagauda a shekarar 999. Abin lura a wannan labari shi ne jama'a daga kowane ɓangare suna taruwa a gindin dutsen, Barbushe ne kaɗai yake shiga wurin tsafin ya fito ya faɗa musu abin da shekara za ta zo da shi. Wato a zamanin maguzanci akwai wuri mai shinge wanda mutum ɗaya ne yake da izinin shigarsa. Bayan Musulunci ya kafu aka rushe wannan tsari, dutsen ya zama wurin da kowa zai iya hawa, mai sarauta da talaka, ɗan gari da baƙo.

Baƙin ma sun hau. Bature matafiyi Clapperton ya zo Kano a 1824 ya ambaci duwatsun nan biyu a cikin ganuwa, Bajamushe Barth kuma, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya zo a 1851, kuma hoton birnin da ya fi shahara a littafinsa daga Dala aka zana shi, ana ganin gidajen ƙasa da dabino da fili fetal a cikin ganuwar da Sarki Gijimasu ya fara ginawa. Duk shekara nakan kai ɗalibaina can, domin daga sama ne yaro yake gane abin da allo ya kasa nuna masa: ga inda Kurmi take, ga Gidan Rumfa da hasumiyoyin babban masallaci, ga inda Jakara ta ratsa, ga ragowar ganuwa tana ɓacewa a tsakanin gine-gine. Da akwai tikiti, ko na naira ɗari ne, rabin ajin ba za su je ba, kuma shugaban makaranta ba zai sa hannu a takardar fita ba tun da akwai maganar karɓar kuɗi daga iyaye.

Maman Hafsa:
Malam, Allah ya ƙara ilimi, amma ina roƙon a tuna da mu da muke zaune a gindin dutsen, domin duk wanda ya yi magana zuwa yanzu daga sama yake kallo. Gidanmu yana ɓangaren Yalwa, kuma abin da mai hawa yake kira kallon gari, a wurinmu kallon tsakar gida ne. A tsakar gida muke girki, a nan muke wanki da shanya, a nan yara ke wanka, a nan mace take cire mayafi ta huta, kuma banɗakin gidaje da yawa a unguwar nan ba shi da rufi. Kakanninmu sun gina zaure da soro da katanga mai tsawo domin kada idon mai wucewa ya shiga gida, amma babu katangar da za ta tare idon wanda ke tsaye a kan dutse. A da ido ne kawai, mutum ya hango ya kawar da kai, yanzu kuwa waya ce mai jawo nesa kusa, kuma akwai ranar da wata maƙwabciyarmu ta ga shanyarta da ƙofar ɗakinta a cikin bidiyon da wani ya ɗora a Facebook yana yabon kyan birnin Kano. Bai yi da mugun nufi ba, amma mijinta sai da ya sayi kwano ya rufe rabin tsakar gidan, yanzu iska ba ta shiga kuma hayaƙin girki ba ya fita.

Ban ce a hana hawa ba. Yarana ma suna hawa. Abin da nake so a gane shi ne wurin da aka ce na kowa ne yana da maƙwabta, kuma haƙƙin maƙwabci bai tsaya a katanga ba.

Ɗan Madigawa:
Hajiya, wannan magana ce mai nauyi, kuma mu ma a ɓangarenmu haka abin yake. Sai dai ina so Alhaji ya lura cewa tikiti ba zai warware ta ba, zai ma iya ƙara ta, domin wanda ya biya kuɗi ya hau yana ganin ya sayi damar ɗaukar duk hoton da ya ga dama, kuma baƙon da ya zo daga nesa bai san gidan wa yake haskawa ba. Yaron unguwa kuwa ya san cewa wancan gidan na gwaggon abokinsa ne, kuma ya san idan ya wuce gona da iri kafin ya sauko labari ya riga shi isa gida.

Ɗalibar Tsara Birane:
Ina neman izinin iyayena in sa baki, domin abin da Hajiya ta kawo yana da magani a wajen tsari, ba lallai sai an rufe wurin ba. Mutum ba ya tsayawa ko'ina a kan dutse, yana tsayawa ne inda aka sauƙaƙa masa tsayuwa, wato inda akwai benci da inuwa da wurin jingina. Idan aka ja wuraren zama baya daga bakin dutsen, aka yi ɗan gini mai kai wa ƙirji ko aka dasa shuke-shuke masu kauri a gefen da ya fuskanci gidajen da ke kusa, to mai zaune zai hango nesa, ya ga hasumiya da ganuwa da sararin sama, amma abin da ke ƙarƙashinsa kai tsaye zai ɓoye masa. Gidajen da ke nesa ba su da matsala sosai, waɗanda ke gindin dutsen ne ake leƙawa, kuma su ne mafi sauƙin karewa da irin wannan dabara.

Game da tikiti kuma, misalin da malamanmu suka fi kawowa shi ne lambun Azhar da ke Alƙahira a Misira. Tudu ne na shara da ɓaraguzai da aka yi ɗaruruwan shekaru ana jibgewa a gefen tsohon birni, gidauniyar Aga Khan ta kwashe ta gyara shi ya zama lambu mai faɗin hekta 30, aka buɗe shi a 2005, har ma a wajen haƙa aka tono ganuwar zamanin Ayyubawa da shara ta binne. Ana biyan kuɗin shiga, kuma wurin yana da tsabta ƙwarai, don haka Alhaji yana da hujja a nan. Bambancin shi ne can babu wanda aka raba da wurin zamansa, tun da bola ce a da, ba mai zuwa shan iska. Dala kuwa mutane suna amfani da shi tun kafin a haife mu, saboda haka ƙofa da tikiti a nan ƙwace ne daga hannun waɗanda suka saba da shi.

Kociyan Ƙofar Ruwa:
Ni zan faɗi abin da nake gani da idona da sassafe, domin masu zuwa da rana ba su san wannan ɓangare ba. Bayan sallar asuba nakan kawo yaran ƙungiyarmu su hau matakalar su sauko domin ƙarfin ƙafa da numfashi, kuma ba mu kaɗai ba ne. Akwai 'yan dambe, akwai masu shirin shiga aikin soja ko na ɗan sanda, akwai dattawa biyu ko uku da likita ya ce su riƙa tafiya saboda hawan jini da ciwon suga, suna hawa a hankali suna hutawa a tsakiya. Babu wanda ya tsara wannan, amma kowa ya san layinsa: mai gudu yana bin gefe ɗaya, yana sassautawa idan ya zo kusa da dattijo, ya gaishe shi ya wuce. Da hantsi ya yi duk mun watse, sai 'yan makaranta da baƙi, da la'asar sakaliya kuma samari masu hira da masu karatun jarrabawa da 'yan tallan gyaɗa da rake da ruwan leda. A yini ɗaya dutsen yana sauya hannu kamar rumfar kasuwar ƙauye, kowa da lokacinsa.

Yaran da nake horarwa ba su da kuɗin wurin motsa jiki na zamani, wasunsu ko takalmin kirki ba su da shi. Idan aka ce sai an biya kullum, to an kore su ke nan, kuma ina tabbatar wa Alhaji cewa sa'o'in da muke wurin su ne sa'o'in da ba a jin labarin ƙwacen waya.

Mai Shago a Kurmi:
Kociya, na ji, amma ka faɗi na asuba ka tsallake na dare. Kowa a zauren nan ya san cewa akwai lungunan da masu shaye-shaye ke fakewa idan rana ta faɗi, kuma akwai iyalai da yawa a garin nan da ba za su taɓa barin 'ya'yansu mata su hau ba saboda wannan suna da wurin ya yi. Wurin da rabin jama'a ke tsoron zuwa ba zan kira shi na kowa ba.

Malama Mai Islamiyya:
A nan kam Alhaji ya taɓo gaskiya, kuma ita ce nake jira a zo kanta. Idan aka ƙirga masu hawa a ranakun da ba na biki ba, za a tarar yawancinsu maza ne matasa, mata kuwa sai dai a ayarin makaranta ko tare da baƙi. Ba wata doka ce ta hana mu ba, yanayin wurin ne. Mace ba za ta hau inda babu banɗaki mai ƙofa ba, balle ta je da ƙananan yara, ba za ta zauna inda babu inuwa ba a garin da zafin Afrilu ke haura digiri 40, kuma ba za ta ratsa ta gaban gungun samari da suka tare bakin matakala ba, ko da kuwa ba su ce mata uffan ba. Na taɓa kai ɗalibaina mata, muka isa muka tarar babu ko wurin alwala, sai da muka sauko muka roƙi wani gida a gindin dutsen, matar gidan kuwa ta karɓe mu hannu bibbiyu duk da cewa mun cika mata tsakar gida.

Inda na rabu da Alhaji shi ne a kan magani. Abin da ke sa mace ta saki jiki a wuri shi ne ta ga wasu mata a zaune, ta ga mai tuyar awara ko mai sayar da gurasa wadda kullum tana nan, ta ga dattijon da za a ji kunyarsa. Mai yankar tikiti yana bakin ƙofa a ƙasa, bai san abin da ke faruwa a sama ba. Da za a ware yammacin wata rana a mako, a ce ta iyalai ce, malaman Islamiyya da ƙungiyoyin mata na Dala da Kantudu da Bakin Ruwa su riƙa zuwa a jere har abin ya zama al'ada, da sunan wurin ya sauya cikin 'yan watanni ba tare da an kashe ko sisi a kan ƙofa ba.

Injiniya Mai Ritaya:
Na karanta duk abin da aka rubuta, kuma ina so in ja hankalinku ga abin da ba wanda ya ambata, wato jikin dutsen kansa. Muna kiransa dutse, amma Dala ba irin falalen dutsen Fanisau ba ne. Samansa marmara ce mai tauri, jikinsa kuwa jar ƙasa ce da ruwa ke iya ci, kuma ruwan Kano yana zuba ne da ƙarfi a cikin 'yan watanni, musamman a Agusta. Duk inda ƙafa ta bi ta kashe ciyawa, nan ruwa zai bi, ya fara da ɗan layi, bayan damina biyu ko uku ya zama kwari, ƙasar kuma ta gangaro ta toshe kwatocin unguwa ta shiga gidajen su Hajiya. Kowace sabuwar hanya da yara suka buɗe domin yanke tafiya zaizaya ce ta gobe. Haka nan mai ɗibar ƙasa a gindinsa domin yaɓe, da mai yanke gefensa domin ya ƙara ɗaki, suna cire abin da ke tokare da na sama ne.

Saboda haka ni ban damu da tikiti ko rashinsa ba kamar yadda na damu da hanyoyin hawa. A tsayar da su su zama 'yan kaɗan, a gyara matakala, a yi mata magudanar ruwa a gefe da za ta kai ruwan har ƙasa ba tare da ya tono komai ba, sauran jikin dutsen kuma a dasa ciyawa mai riƙe ƙasa irin jema. Maganar bishiya a yi hattara, domin darbejiya tana da inuwa kuma tana jure fari, amma ƙasar saman ba ta da zurfi, kuma ba mai ɗaukar jarka ya hau da ita kullum har shuka ta kama sai an ɗora wa wani wannan aiki an biya shi. Rumfa mai sauƙi za ta fi saurin ba da inuwar da Malama ke nema.

Goron Dutse kuwa hukuncinsa daban ne, kada a haɗa su. A kansa akwai ma'ajiyar ruwan sha da ke cikin tsarin ruwan birni, wanda ya faro daga matatar Challawa a farkon shekarun 1930, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, kuma tudun ne ya sa aka zaɓe shi, domin ruwa ya gangara wa unguwanni da nauyinsa. Ga kuma gidan gyaran hali a unguwar. Wurin da ake ajiye ruwan da jama'a ke sha dole a tsare shi, ba a mayar da shi dandalin kowa ba, sai dai a ware gefen da bai shafi ma'ajiyar ba.

Ɗan Madigawa:
Baba Injiniya, mun gode, kuma na karɓi bambancin da ka yi tsakanin duwatsun biyu. Amma ka ga tsayar da hanyoyin hawa yana iya zama ƙofar da nake gudu ta bayan gida, domin da zarar hanya ta zama ɗaya, gobe wani zai ajiye teburi da kujera a bakinta.

Injiniya Mai Ritaya:
Ɗana, ban ce ɗaya ba, na ce 'yan kaɗan. A ba kowane ɓangare na unguwa hanyarsa, domin idan ka tilasta wa yaron Madigawa ya zagaya ta wani gefe mai nisa, zai buɗe tasa ko ka so ko ka ƙi. Hanya uku ko huɗu masu kyau sun fi wuyar karɓar kuɗi fiye da guda ɗaya, kuma sun fi aminci ranar cunkoso.

Malamin Tarihi, Gwammaja:
Maganar cunkoso ta kawo mu ga Takutaha, wadda ba za a yi zancen Dala a tsallake ta ba. Ranar 19 ga Rabi'ul Awwal, mako guda bayan Mauludi, jama'a ke cika dutsen tun safe, yara da kwalliya, mata da maza, 'yan gari da mutanen ƙauyuka, har gwamnatin jiha takan ba da hutu. Na san malamai sun saɓa a kan hukuncin bikin, kuma ba wannan ne zauren warware saɓanin ba. Abin da ya shafi muhawararmu shi ne a wannan rana ce kaɗai ake ganin abin da Malama ke fata, wato mata da yara sun fi samari yawa a saman, kuma a wannan rana ce kuma ake ganin abin da Injiniya ke tsoro, domin mutane suna hawa ta ko'ina, ana turereniya a matakala, washegari kuma leda ta rufe wurin. Wanda zai tsara Dala dole ya tsara shi domin ranaku iri biyu, ranar da mutum goma ne a sama da ranar da ba masaka tsinke.

Akwai kuma abin da ya kamata a sani game da hurumi. Tun 2007 Nijeriya ta shigar da ganuwar Kano da wuraren da ke tattare da ita, ciki har da Dala da Kurmi da gidan Sarki, a jerin share fage na wuraren tarihi na duniya na hukumar UNESCO. Ma'anar wannan ita ce ba wuri ne da wani ɗan kwangila zai zo ya zuba kankare da lilo yadda ya ga dama ba, kuma duk gyaran da za a yi sai an tuntuɓi hukumar gidajen tarihi ta ƙasa da Hukumar Tarihi da Al'adu ta jiha.

Mai Shago a Kurmi:
To, Malam, duk na ji, amma har yanzu ba wanda ya gaya mini inda kuɗin zai fito. Rumfa kuɗi ce, banɗaki kuɗi ne, fitila mai aiki da hasken rana kuɗi ce, kuma wanda zai hana a kwance ta da dare shi ma sai an biya shi. Ni ɗan kasuwa ne, na san abin da aka gina da gudummawar rana ɗaya yakan lalace a shekara ɗaya. Zan iya sassautawa in ce ɗan unguwa da ɗan makaranta da masu motsa jiki su hau kyauta, amma baƙon da ya zo da mota da kyamara, ko mai ɗaukar hoton biki ko bidiyon waƙa, ya biya, a ba shi rasit, a liƙa lissafin a bakin matakala kowane wata.

Ɗalibar Tsara Birane:
Baba Alhaji, wannan ya fi kusa da abin da zai yiwu, sai dai tambayar ita ce yadda za a bambance ɗan unguwa da baƙo ba tare da an fara tambayar mutane katin shaida ba, domin almajirin da ke kwana a Adakawa ba shi da kati, kuma shi ma ɗan unguwa ne. Ya fi sauƙi a ɗora kuɗin a kan aiki maimakon a kan mutum: mai ɗaukar hoto na sana'a ya biya, mai kafa teburin sayar da abinci ya biya ɗan abu a mako, mai son jagora ya zagaya da shi ya ba shi tarihi ya biya jagoran, banɗaki kuma a karɓi abin da aka saba karɓa a kasuwa. Mai hawa ya zauna ya sauko ba abin da zai bayar. Samarin da ake kuka da su ma wasunsu sun fi kowa sanin kowane lungu na dutsen, kuma idan aka horar da su suka zama jagorori da masu kula da shuka, to gyaran wurin ya zama abincinsu.

Maman Hafsa:
'Yata, shawararki ta yi, amma ina so duk kwamitin da za a kafa a sa matan gindin dutsen a ciki, ba a yi taro a ƙofar gidan mai unguwa bayan isha'i a ce an ji ta bakin unguwa ba. Mu ne muke yini a gida, mu muka san lokacin da duwatsu ke faɗowa kan kwano idan yara suna jifa, mu muka san kwatar da ke fara toshewa. Kuma mai ɗaukar bidiyon da Alhaji yake so ya biya, a rubuta masa a rasit ɗin cewa ba a haska cikin gidaje, in ya ƙi a sauko da shi. Fitila ma a duba inda za ta fuskanta, kada a kori duhu a sama a hasko mana tsakar gida da dare lokacin zafi da muke kwana a waje.

Kociyan Ƙofar Ruwa:
Hajiya, maganar jifa na ɗauka, zan yi wa yarana da waɗanda ke biyo mu magana gobe da asuba. Mu kuma a namu ɓangaren za mu iya ɗaukar sharar matakala duk ranar Asabar bayan atisaye, idan aka samo mana buhuna da wanda zai kwashe abin da muka tara a ƙasa, domin idan aka bar shi a nan awaki za su watsa shi kafin azahar.

Ɗan Madigawa:
Buhuna ina da su, kuma akwai mai kura a layinmu da zai kwashe idan aka haɗa masa kuɗin mako. Zan je wajen mai unguwa ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci in nemi ya kira zama da rana, a makarantar Malama idan ta amince, domin su Hajiya su samu halarta. Baba Injiniya, ina roƙon ka zo da takarda ka zana mana inda kake ganin hanyoyin za su bi. Alhaji kuma har yanzu ban yarda da karɓar kuɗi a hannun baƙon da ya zo kallo kawai ba, ko da mota ya zo, amma ka zo da lissafin abin da rumfa biyu da banɗaki za su ci, sai mu ga ko tsarin ɗalibarmu zai iya ɗaukarsa.

Mai Shago a Kurmi:
Zan zo da shi, kuma zan sa albashin mai gadi na shekara guda a ciki, domin shi ne abin da kullum ake mantawa. Malama, ƙarfe nawa ake tashi daga makarantar ranar Asabar?